Adi Dassler: Mai Takalmin Da Ya Raba Gari Da Wansa

'Yan uwa matasa, daga La Courneuve har zongunanmu na Kumasi, muna jin samari suna gardama kan Adidas da Puma. Amma kaɗan ne cikinmu suka san cewa wa da ƙane ne suka kafa su.

An haifi Adolf Dassler, wanda ake kira Adi, a 1900 a garin Herzogenaurach na ƙasar Jamus. Ya fara ɗinkin takalma a ɗakin wankin mahaifiyarsa. A 1924 shi da wansa Rudolf suka buɗe masana'anta, Adi na ɗinki, Rudolf na neman kasuwa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka suka tsare Rudolf, shi kuwa ya zargi ƙanensa da kai ƙararsa. A 1948 suka raba dukiya. Rudolf ya kafa Puma a tsallaken kogin Aurach, Adi ya yi rajistar Adidas a 1949. Garin ma ya dare biyu, har akan dubi takalmin mutum kafin a san ɓangarensa.

Tauraron Adi ya haska a 1954, lokacin da Jamus ta Yamma ta doke Hangari da ci 3-2 ta ɗauki Kofin Duniya da takalmansa.

Rudolf ya mutu a 1974, Adi a 1978, aka binne su nesa da juna a maƙabarta ɗaya. Sai a 2009 ma'aikatan kamfanonin biyu suka buga wasan sada zumunci.

Sun samu suna da dukiya, amma sun rasa juna. Mu dai mu riƙe zumuncinmu, domin ba a sayar da shi a kasuwa.