William Perkin: Ya Nemi Magani, Ya Samu Rini

An haifi William Henry Perkin a birnin Landan a shekarar 1838. Mahaifinsa magini ne. Yana ɗan shekara 15 ya shiga kwalejin nazarin sinadarai, inda wani Bajamushe mai suna Hofmann ya koyar da shi.

A 1856, lokacin hutun Ista, ya yi ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga sinadaran da ake tacewa daga kwaltar kwal. Bai yi nasara ba. Da ya gwada sinadarin anilin, wani baƙin dauɗa ne ya kwanta a kwalbar. Wani ɗalibin zubarwa zai yi. Shi kuwa ya narkar da shi cikin sinadarin barasa, sai ga launin shunayya mai kama siliki.

Hofmann bai so ya bar karatu ba, amma ya bari. Mahaifinsa ya zuba dukiyar da ya tara, suka kafa masana'antar rini a Greenford a 1857. Launin ya samu karɓuwa ƙwarai, har Sarauniya Biktoriya ta sa shi.

A 1874 ya sayar da masana'antar, ya koma bincike. Ya rasu a 1907.