Al-Maƙrizi, sarkin kasuwar Alƙahira da ya binciki mafarin tsadar rayuwa

Ƴan kasuwa, maza da mata, yau za mu kawo muku tarihin wani malami da ya san mudu da sikeli kamar yadda ya san alƙalami. Sunansa Ahmad ɗan Ali, ana ce masa Al-Maƙrizi. An haife shi a birnin Alƙahira na ƙasar Masar wajen shekara ta 1364, amma asalin gidansu mutanen Ba'alabak ne, cikin ƙasar Labanan ta yau. Ya yi karatun fiƙihu da hadisi, ya kuma zauna gaban Ibn Khaldun bayan da wannan babban malami ya sauka Masar a 1382.

A shekara ta 1399 sarki Barƙuƙ ya ba shi hisba, wato duba kasuwa: awo, farashi, algus da kuɗin jabu. Kujera ce mai zafi. Bai daɗe ba aka tuɓe shi aka naɗa abokin hamayyarsa Al-Aini, daga baya aka sake mai da shi. Amma abin da ya gani a rumfuna bai bar kansa ba.

A 1403 kogin Nilu bai yi cika ba, hatsi ya yi wuta, yunwa da annoba suka kashe jama'a masu yawa. Kowa na cewa laifin ruwa ne. Shi kuwa a 1405 ya rubuta ɗan littafi mai suna Igasatul Umma, ya jero yunwoyin da aka yi a Masar tun zamanin da, ya nuna cewa ƙarancin ruwa ba baƙo ba ne, kuma sarakunan kirki sun sha buɗe rumbuna su ceci talakawa. A ganinsa wannan karon hannun mutane ne ya tsananta masifar, ta hanya uku. Ana sayen muƙami da cin hanci, wanda ya saya kuma sai ya fanshe kuɗinsa a jikin talaka. An tsawwala wa manoma kuɗin hayar gona har suka watsar da ƙauyuka. Na ukun shi ne kuɗi, kuma a nan ya fi daɗewa.

Da can zinariya da azurfa ne kuɗin Masar, kwabban tagulla da ake kira fulus kuwa na ƙananan cefane ne. Sai wani babban jami'in fada ya riƙa shigo da tagulla daga Turai yana buga fulus ba iyaka, don ribar da ke ciki. Azurfa ta ɓace daga kasuwa, fulus ya cika gari, har aka koma auna shi a sikeli maimakon ƙirgawa. Al-Maƙrizi ya kasa jama'a kashi 7, ya duba yadda abin ya taɓa kowa. Ya lura cewa ɗan kasuwa yana murnar riba a baki, amma in ya je sarin sabon kaya sai ya tarar uwar kuɗin ma ta zaizaye. Malamai da ɗalibai masu ɗan albashi tsayayye su suka fi jin jiki. Ƴan ƙwadago kuwa ladansu ya hau, saboda da yawansu sun mutu, hannu ya yi ƙaranci. Duk wanda ke riƙe da shago a Maraɗi ko Damagaram lokacin da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994 ba ya bukatar a fassara masa wannan lissafi.

Maganin da ya bayar shi ne a koma ga zinariya da azurfa. A nan masana na baya ba su bi shi duka ba, domin a lokacin azurfar ta yi ƙaranci a ƙasashe da dama, ba Masar kaɗai ba. Ina ganin ya fi gwaninta wajen gano ciwo bisa ga ba da magani.

Bayan ƴan shekaru a Dimashƙa ya bar aikin sarauta, ya duƙufa ga rubutu, wani lokaci a Makka. Babban littafinsa, Al-Khiɗaɗ, ya bi Alƙahira unguwa-unguwa, kasuwa-kasuwa, har da waɗanda suka mutu. A ciki ne ya ambaci makarantar Ibn Rashiƙ, wadda alhazan Kanem suka ba da kuɗin gina ta. Ya kuma ba da labarin hajjin Mansa Musa na Mali a 1324. Bai tsira daga zargi ba: As-Sakhawi ya ce ya kwashi aikin maƙwabcinsa Al-Auhadi bai faɗi sunansa ba, kuma binciken zamani a kan takardunsa na hannu ya nuna akwai ƙamshin gaskiya a maganar.

Ya rasu a Alƙahira cikin watan azumi, a farkon shekara ta 1442. Ɗalibinsa Ibn Tagribirdi ya ɗora tarihin Masar daga inda ya tsaya. Bafaranshe Silvestre de Sacy ya fassara littafinsa na kuɗi a 1797, Gaston Wiet ya fassara na yunwa zuwa Faransanci a 1962, aka kuma fitar da shi da Turancin Ingilishi a 1994.