Mamman Shata: Mutumin da ya kai kalangu inda ba a saba jin sa ba

Idan kana yawan hawa TikTok ko Facebook, ka san rigimar da ba ta ƙarewa. Wani ya saki waƙar Hausa a kan kiɗan amapiano, nan take sai a rabu gida biyu. Wasu su ce an kashe mana al'ada, wasu su ce ai zamani ne. To, kafin ka zaɓi ɓangare, zo mu duba rayuwar wani mutum da kakanninka suka yi rawa da waƙarsa, wato Alhaji Dakta Mamman Shata Katsina.

Kai ɗan Ƙanƙara, ko ke 'yar Faskari ko Sabuwa, wannan mutumin na gida ne. Musawa da aka haife shi a 1923, da Bakori da ya zauna yana saurayi, da Funtuwa da ya mayar gida, duk shiyya ɗaya suke da garuruwanku a kudancin Jihar Katsina.

Shata ba ɗan gado ba ne a waƙa. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a lokacin ana yi wa kiɗa kallon roƙo. Yaron ya fara da tallar goro, ya koma alewa, yana haɗawa da 'yan waƙe-waƙe a dandali tare da samari da 'yan mata. A hankali waƙar ta rinjayi tallar. Daga Musawa ya koma Bakori, inda Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa, ya zama ubangidansa. A 1952 ya yi wasa a bikin 'ya'yan Sarkin Kano Abdullahi Bayero, daga nan sunansa ya bazu. A 1960 ya tare a Funtuwa, ya yi kusan shekara 40 a can.

Yanzu ga inda labarin ya shafi rigimarku. A ƙasar Hausa ta da, kowane kiɗa da gidansa. Fada tana da tambari da taushi da kotso da kakaki. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotso suka yi wa sarakuna waƙa. Manoma suna da gangar noma, maƙera suna da dundufa. Kalangu kuwa an fi sanin sa da mahauta, da 'yan dambe, da 'yan mata a dandali. Kiɗan talakawa ne, ka gane?

Shata ya ɗauki wannan kalangun ya shiga da shi ko'ina. Da shi ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, da shi ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da sojoji. Ya ɗebo kirari irin na fada, ya haɗa da saurin kiɗan dandali, ya zuba habaici da zambo, wani lokaci har da wa'azi. Abin da ake ajiye wa a rumbu daban-daban, shi ya zuba su a tukunya ɗaya. Idan wannan ba gauraya ba ce, to mece ce? Bambancin kawai shi ne tasa gaurayar ta tsufa har mun manta cewa ta taɓa zama sabon abu.

Bai tsaya a abin da ke kusa da shi ba. Bayan Amurkawa sun sauka a duniyar wata a 1969, Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa da kalangu da 'yan amshi. Tuna fa, lokacin babu intanet, babu wayar hannu. Rediyo da faifan garmaho, sannan kaset, su suka kai muryarsa har Nijar da Ghana da Kamaru, duk inda Bahaushe ya kafa zango. Kuma an san shi da ƙirƙirar waƙa nan take a filin wasa. Ko Bakandamiyarsa ba ta fita iri ɗaya sau biyu. Kowane wasa sai ya ƙara wani abu ya rage wani.

Shi kansa kalangun ɗan yawo ne. Ganga ce mai siririn tsakiya da fata biyu, an haɗa su da tsarkiya. Makaɗi ya matse ta a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, shi ya sa take iya kwaikwayon hawa da saukar maganar mutum. Yarabawa suna da 'yar uwarta, gangan. Mutanen Senegal suna da tama, Dagomba na arewacin Ghana suna da lunga. Yarabawa sun ɗora tasu a kan gita aka samu kiɗan juju na zamani, wanda King Sunny Ade ya kai Turai da Amurka a shekarun 1980.

Haka abin yake a duk duniya. Jazz ya tashi a birnin New Orleans daga haɗuwar waƙoƙin baƙaƙen fata da kayan busa na Turawa. Reggae ya fito daga ska da rocksteady a Jamaika. Hip hop ɗin da kake ji, a unguwar Bronx ta birnin New York ya fara a 1973, kuma DJ Kool Herc da ake danganta farkonsa da shi haifaffen Jamaika ne. Fela Kuti ya haɗa highlife da jazz da funk da kiɗan Yarabawa ya fitar da afrobeat. A nan gida, waƙoƙin finafinan Kannywood sun sha ruwan finafinan Indiya, ga kuma fiyano da ya maye gurbin makaɗa da yawa. Babu kiɗan da ya faɗo daga sama shi kaɗai.

Amma kada masu cewa zamani ne su yi saurin tafi. Akwai abin da Shata bai taɓa saki ba. Ya ga duniya, ya je Saudiyya, ya je Amurka, ya ji kaɗe-kaɗe iri-iri, duk da haka bai ajiye kalangu ba, bai kuma sauya Hausarsa ba. Ya ara daga ko'ina, amma yana da turken da yake ɗaure abin da ya aro. Shi ya sa da ka ji bugu biyu ka san Shata ne. Matsalar wasu waƙoƙin yau ke nan: kiɗan daga Afirka ta Kudu, salon murya daga Legas, kalmomin ma rabi aro ne. Ka cire sunan mawaƙin, ba mai iya cewa daga ina ta fito. Gauraya tana daɗi ne idan kai ma ka zo da naka ƙunshin.

Ya taɓa siyasa, har ya zama kansila a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Dubi ikon Allah: sana'ar da aka hana yaro saboda ana ganin ta roƙo ce, ita ta sa jami'a ta sa masa hular dakta. Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura. Allah ya jiƙansa da rahama.

Da yawa daga abin da muka sani game da shi, aikin marubuta ne da suka bi sawunsa. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da littafin Shata Ikon Allah a 2006, cikinsu har da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, wanda daga baya ya rubuta Mahadi Mai Dogon Zamani. Ka ga ɗan Ƙanƙara ya riga ya nuna hanya.

To, saura kai. Akwai tsofaffin makaɗan kalangu da na gangar noma a garinku, kuma matsalar tsaro ta rage tarukan dare da ake jin su a ciki. Wayar da ke hannunka tana iya naɗar sauti. Je ka gaishe su, ka nemi izini, ka naɗa, ka rubuta sunan mai kiɗan da ranar. Idan kai mai haɗa kiɗa ne a kwamfuta, ɗora shi a kan amapiano ɗin idan ka ga dama, amma ka ambaci mai shi, ka kuma ba shi haƙƙinsa. Makaɗin da ya rasu ba a naɗe shi ba, ya tafi da kiɗansa.