Sardauna Ahmadu Bello: Firimiyan Da Ya Kafa Wa Arewa Gidan Rediyo A Kaduna

Duk wanda ya yi fatauci tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, ko Damagaram da Maigatari a shekarun 1970 da 1980, ya san akwatin rediyo na cikin kayan tafiya, kuma galibi allurarsa a kan mita 49 take, inda Rediyon Kaduna ke magana da Hausa. Wannan gida ya samu ne saboda tsayuwar dakan mutum guda wanda bai yarda a bar wa babban birnin ƙasa shi kaɗai ikon yi wa jama'a magana ba. Mutumin shi ne marigayi Alhaji Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa ta Nijeriya. Yau tarihinsa za mu kawo wa mai karatu, musamman ta fuskar watsa labarai.

Asali da karatu

An haifi Ahmadu a garin Raɓa da ke gabas da Sakkwato a shekarar 1910. Mahaifinsa Malam Ibrahim shi ne hakimin Raɓa, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raɓa, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Yana ɗan shekara shida mahaifin ya rasu. Bayan karatun allo an sa shi makarantar boko a Sakkwato, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina a 1926, inda ya yi shekara biyar. Da ya gama a 1931 ya koma Sakkwato yana koyarwa a makarantar Midil, har zuwa 1934 da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya naɗa shi hakimin Raɓa.

Da Sarkin Musulmi Hasan ya rasu a 1938, Ahmadu na cikin waɗanda suka nemi gadon, amma Allah Ya ba ɗan'uwansa Abubakar na Uku. Sai aka naɗa shi Sardauna, aka tura shi Gusau domin lura da gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato. Gusau a lokacin gari ne na 'yan kasuwa, jirgin ƙasa na bi ta nan zuwa Ƙauran Namoda yana kwasar gyaɗa da auduga. A 1943 aka tuhume shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗaurin shekara guda, amma ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, aka wanke shi. Wannan shari'a maimakon ta karya shi, sai ta sa sunansa ya bazu a tsakanin 'yan boko na Arewa.

Shiga siyasa da darasin 1953

A 1949 ya shiga Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna, daga bisani ya zama jigo a Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC. Ya riƙe muƙamin ministan ayyuka, sannan na ƙananan hukumomi, kafin ya zama Firimiya a watan Oktoban 1954.

A wancan zamani harkar watsa labarai duk a hannun Turawan mulkin mallaka take, kuma daga Legas ake juya akalarta. A shekarun 1940 abin da ake da shi a garuruwa irin su Kano akwatuna ne da ake ja musu waya, ana kafa su a gidaje da wuraren taruwar jama'a, mutum ba shi da zaɓin tasha sai abin da aka aiko masa. A 1951 aka kafa hukumar rediyo ta ƙasa, NBS, wadda ta koma NBC a 1957. Tana da reshe a Kaduna, amma wuƙa da nama suna Legas.

Shekarar 1953 ce ta buɗe wa shugabannin jihohi ido. A ƙarshen watan Maris na shekarar, Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1956. Sardauna da wakilan Arewa suka nemi a jinkirta har sai an shirya, domin suna ganin Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilimin boko da za su riƙe ta. Da suka fito daga majalisa, jama'ar Legas suka bi su da ihu da zagi, jaridun birnin kuma suka yi musu ca. A watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano, aka rasa rayuka. Sardauna ya ga da idonsa abin da ke samun wanda ba shi da bakin da zai faɗi nasa ɓangaren.

Ba shi kaɗai ya ga haka ba. A cikin wannan dambarwa Gwamna Macpherson ya soki jam'iyyar Cif Obafemi Awolowo a rediyon ƙasa, da Awolowo ya nemi a ba shi damar mai da martani aka hana shi. Saboda haka da aka yi sabon tsarin mulki a 1954, aka ba gwamnatocin jihohi ikon kafa gidajen watsa labarai nasu na kansu. Jihar Yamma ta riga kowa, inda ta buɗe talabijin a Badun ranar 31 ga Oktoban 1959. Jihar Gabas ta biyo baya a Inugu a 1960.

Kafa gidan Kaduna

Sardauna bai yi gaggawa ba, amma da ya tashi, da ƙarfinsa ya tashi. Gwamnatinsa ta haɗa gwiwa da kamfanoni biyu na Ingila, Granada da EMI, aka kafa kamfanin watsa labarai na Arewa, BCNN, wanda ya soma aiki a watan Maris na 1962, rediyo da talabijin. Abin lura, talabijin na gwamnatin tarayya a Legas sai a watan Afrilun wannan shekara ya buɗe, wato Badun da Inugu da Kaduna duk sun riga babban birnin ƙasa.

Wannan mataki ya yi daidai da halin mutumin. Bayan zaɓen 1959 jam'iyyarsa ce ta fi kowace yawan kujeru, kuma da ya so da ya tafi Legas ya zama Firayim Minista, amma ya bar wa mataimakinsa Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ya zauna Kaduna. A ganinsa ƙarfi yana inda jama'a suke. A kan wannan tunani aka kafa Bankin Arewa, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a watan Oktoban 1962, aka kuma fito da jaridar New Nigerian ranar 1 ga Janairun 1966.

Rediyo ya fi duka waɗannan isa ga talaka, domin ba ya buƙatar mutum ya iya karatu. Kuma gidan ya zo daidai lokacin da ƙananan akwatuna masu aiki da batir suka fara cika kasuwa. Da yake gajeren zango bai san shingen kwastan ko na duwan ba, muryar Kaduna ta tsallaka zuwa Nijar da arewacin Kamaru da Cadi, har zangunan Hausawa na Gana. Mutumin Tasawa ko Madawa da ya kunna akwatinsa, Hausar da zai ji da kiɗan da zai ji irin na gidansu ne. Makaɗa irin su Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos sun shiga ƙauyukan da ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce. 'Yan adawa, musamman NEPU ta Malam Aminu Kano, sun yi ta kukan cewa gidan ya zama kakakin NPC, kamar yadda gidajen Badun da Inugu suka zama na jam'iyyun da ke mulki a can. Kenan raba gidajen rediyo zuwa jihohi ya kusanto da murya ga jama'a, amma bai ba kowa damar magana ba.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Da asubahin ranar 15 ga Janairun 1966, cikin watan azumi, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka afka wa gidan Firimiya a Kaduna, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. Abin takaici, a wannan rana ta gidan rediyon da ya kafa ne Nzeogwu ya yi wa jama'a shelar juyin mulki.

Bayan yaƙin basasa gwamnatin soja ta janyo harkar watsa labarai zuwa hannun tarayya. A 1977 aka yi dokar kafa NTA wadda ta karɓe dukkan gidajen talabijin, a 1978 kuma aka haɗe rediyon BCNN da NBC aka samu Rediyon Tarayya, FRCN. Duk da haka ba a iya mai da komai Legas ba. An bar Kaduna a matsayin babbar tasha mai shirye-shiryenta, tare da Badun da Inugu. A nan masu sauraro suka shaƙu da Zaɓi Sonka, inda ake aika gaisuwa daga wannan ƙasa zuwa waccan, da Jakar Magori, da wasan Samanja na Usman Baba Pategi, da tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello a watan azumi.

A Nijar kuwa hanya dabam aka bi. Tun 1926 Faransawa suka ɗauke fadar mulki daga Damagaram zuwa Yamai, kuma da aka kafa rediyon ƙasa a 1958, wanda daga baya ya zama Muryar Sahel, a Yamai aka kafa shi. Sai a shekarun 1990 da aka ba masu zaman kansu izini, gidaje irin su Anfani suka buɗe tashoshi a Damagaram da Maraɗi, sannan rediyon karkara suka yawaita. Abin da Sardauna ya hango ke nan tun 1962: sanarwar rufe iyaka, ko farashin gero da wake, ko cigiyar dabbar da ta ɓace, wanda ke kusa da kasuwa ya fi sanin nauyinsu.

Allah Ya jiƙan Gamji ɗan ƙwarai, Ya gafarta masa kurakuransa, amin.