Alhaji Abubakar Imam (1911–1981): Rayuwarsa a Aikin Jarida

Manazarta adabin Hausa sun fi sanin Alhaji Abubakar Imam da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, alhali kuwa shekarun da ya yi a kan kujerar editan Gaskiya Ta Fi Kwabo su ne suka fi gwada basirarsa da ƙarfin halinsa.

An haife shi a Kagara a 1911, a gidan malanta da alƙalanci. Yayansa shi ne Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki. Bayan karatun allo da na boko, ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya fita a 1932, ya kama koyarwa a Midil ta Katsina. Gasar ƙagaggun labarai ta 1933 ce ta haɗa shi da Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya.

Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, East ya nemi a ba shi Imam ya zama editanta. A lokacin jita-jita ta bazu a Arewa cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus, gwamnati kuwa tana neman kafar da za ta kwantar wa jama'a hankali. Matsayin nasa mai tsauri ne, domin jaridar ta hukuma ce, masu karatunta kuwa malaman makaranta ne da ma'aikatan En'e waɗanda koke ya cika wa ciki. Imam ya buɗe musu fagen wasiƙu, shi kuma a sharhinsa yakan lulluɓe suka da karin magana da barkwanci, ta yadda mai mulki zai ji gargaɗi ba tare da ya sami hujjar rufe bakin jaridar ba.

A 1943 ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe. A can ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya tsara, amma ya gana da Lugard, ya kuma rubuta masa matsalolin da mulkin En'e ke haifarwa. Tafiyar ce ta haifi littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, daga baya ya yi wakilci a majalisa, ya kuma yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981. Sharhohinsa suna nan cikin tsofaffin fitowar jaridar, kuma duk mai son bin diddigin zuben Hausar boko sai ya koma gare su. Allah Ya jiƙansa da rahama.