Richard Cobden, Ɗan Majalisar Da Ya Karya Dokar Hatsi

Cikin 'yan majalisar Ingila na ƙarni na 19, kaɗan ne suka bar suna kamar Richard Cobden, ko da yake bai taɓa zama minista ba. Mun ga ya kyautu mu kawo wa masu karatu tarihinsa, don su ga yadda ya ɗaure ciniki da haraji da zaman lafiya da igiya ɗaya.

An haife shi ran 3 ga Yuni 1804, ɗan wani manomi ne da ya talauce. Ya fara da aikin akawu a Landan, sa'an nan ya koma Mancesta ya kama sana'ar buga zane a jikin akoko. A can ya ga wuyar da ma'aikatan masaƙu ke sha. Dalili kuwa, tun 1815 Majalisa ta kafa dokar da ta tsananta shigowa da hatsi daga waje, don alkamar masu manyan gonaki ta yi tsada, su ne kuwa suka cika Majalisar. Watau talaka ke sayen burodi da tsada, mai gona na tara riba.

Cobden da abokinsa John Bright suka ja ragamar jam'iyyar neman soke dokar, suna bin gari gari suna yi wa jama'a bayani. A 1841 aka zaɓe shi wakilin Stockport. Da cuta ta lalata dankalin Ailan a 1845, yunwa ta faɗo, sai Firayim Minista Robert Peel ya sauya ra'ayi, aka soke dokar a 1846. Kafin nan cinikin Cobden ya durƙushe, sai da jama'a suka yi masa karo-karo.

Ra'ayinsa game da baitulmali shi ne, yawancin harajin talakawa wajen soja da jiragen yaƙi yake tafiya, don haka a rage. Ya kuma soki attajiran da ke ba ƙasashe irin su Rasha rancen da za su yi yaƙi da shi. A 1849 ya nemi Majalisa ta yarda a riƙa kai gardamar ƙasashe gaban masu sulhu, amma aka kayar da shawarar.

Gaskiya ɗaci gare ta. Da Ingila ta shiga yaƙin Kirimiya a 1854 ya ƙi goyon baya, mutanen da suka yabe shi suka juya masa baya. A 1857 ya sa Majalisa ta la'anci Gwamnatin Palmerston bisa harbin birnin Kanton na Sin, aka sake zaɓe, shi ya faɗi. Da ya komo a 1859, Palmerston ya ba shi ministan ciniki, ya ƙi. Amma ya tafi Faris, shi da Michel Chevalier suka shirya yarjejeniyar 1860 wadda ta rage kuɗin fito tsakanin Ingila da Faransa, don a ganinsa masu cin kasuwa ɗaya ba su saurin zare wa juna takobi.

Ya rasu a Landan ran 2 ga Afrilu 1865. Mun sani yaƙe-yaƙen da suka biyo baya sun nuna ciniki kaɗai ba ya hana faɗa. Duk da haka tambayarsa ba ta tsufa ba: kowane haraji, wa ke biya, wa ke mora?