Sarkin Katsina Muhammadu Dikko

Da wuya a sami ajin da babu mai suna Dikko a makarantarmu, domin haka Fulani ke kiran ɗan fari. Amma Kwalejin Dikko da babban filin wasa na Katsina sunan mutum ɗaya suka ci. Basulluɓe ne, yana Durɓi Turawa suka tuɓe Sarki Yero a 1906 suka naɗa shi, sarauta ta bar gidan Dallazawa ke nan. A 1921 ya je Hajji ta Ingila. Ya tsaya wa Kwalejin Katsina a 1922, lokacin da iyaye ke ɓoye 'ya'yansu don gudun boko. A zamaninsa jirgin ƙasa ya iso Funtuwa, audugarmu ta Kafur ta sami kasuwa. Ya rasu a 1944. Allah ya jiƙansa.